Shekarar Da Babanku Ya Rufe Ƙofa

A wajen bikin 'yar Hamza a Rusaifa na ji wata mata, wadda na tabbata ko cikinta ba a yi ba lokacin da abin ya faru, tana nuna ku da baki tana ce wa ta kusa da ita wai ai waɗancan 'ya'yan wanda ya rufe Ƙofa ne. Safiya ta ji. Na ga ta sunkuyar da kai, ta shiga gyaran mayafin da ba abin da ya same shi. Wannan sunkuyar da kan ne ya zaunar da ni rubuta wannan babi. Babanku ya tafi bai taɓa kare kansa ba, don shi mutum ne da in ya faɗi magana sau ɗaya yake ganin ya gama da ita. Ni kuwa kun san ba haka nake ba. Da Hausa zan faɗa, wanda Hausarsa ta tsere a cikinku ya nemi mai karanta masa, ya ɗan ji kunya, ba abin da zai ci shi.

Sai na fara gaya muku mece ce Ƙofa, tunda ku da takarda a hannu aka haife ku. Bakin tekun da ke kudu da Jidda duwatsu ne jere a ƙarƙashin ruwa, masu jirgi suna ce musu sha'ab. Suna da kaifi, jirgin katako in ya hau su tasa ta ƙare. A wani wuri nesa da gari akwai 'yar tsaga a tsakanin duwatsun, daidai wadda jirgi ɗaya zai ratsa ya kai ga yashi. Ita ce mutanenmu suka sa wa suna Ƙofa. Duk wanda ya taso daga ƙasar Hausa a ƙasa, ya ratso Chadi, ya yi shekaru yana cirar auduga a Sudan, ya iso Sawakin ba shi da jawaz, wato fasfo, to ta nan yake shigowa. A loda mutane a sambuk, irin jiragen katakon nan masu filafilai, a tsallako, a jira rana ta faɗi, a kashe fitila, a ratsa. Daga yashin sai tafiyar ƙafa zuwa Makka. Yawancin tsofaffin Misfala, unguwarmu ta Makka, ta nan suka shigo. Ni ma ta nan na shigo, ina yarinya, riƙe da gefen rigar mahaifina.

Inna, mahaifiyata, ba ta hau jirgin ba. Ƙanena yana kwance da zazzaɓi a lokacin, mai jirgi ya ce ba ya ɗaukar mara lafiya, sai aka yi shawara mu wuce, ita ta biyo mu da zarar ya warware. Bai warware ba. Ta binne shi a Sawakin. Mahaifina kuma ya rasu a Makka bayan hajjinsa na biyu, na tashi a hannun ƙanen Inna, Kawu Barau. Inna ta zauna can tana tuyar ƙosai a bakin kasuwa, kowace shekara da abin da zai tare ta, ko ciwon ƙafa, ko guzuri ya narke, ko a ce bana an tsananta tsaro a dakata. Na yi girma, na yi aure, na haihu, duk ba a idonta ba. Fuskarta ma ta fara ɓace mini, muryarta kaɗai na riƙe.

Babanku, Rayyis Usman, rayyis wato shugaban jirgi, shi haifaffen Makka ne, kakansa ya zo tun da daɗewa, don haka bai taɓa sanin fargabar takarda ba. Tun yana saurayi ya gudu Jidda ya shiga aikin jirgi, ya yi wanke-wanke, ya ja igiya, ya riƙe sitiyari, har ya kai ga aka ba shi ruhusa, takardar izinin jan jirgi da kansa. Jirgin na wani attajiri ne a Jidda, yana ɗauko tumaki da riɗi daga Bur Sudan. Da yake Sawakin ba ta da nisa da can, yakan shiga mota ya je ya gai da Inna, ya kai mata saƙona, ya kawo mini nata. Shi ne ya fara gaya mini ta yi furfura. Da an bi ta tasa, da a Jidda muka zauna, amma mahaifiyarsa, Goggo, wadda kuke ce wa Sitti, ta ce ita ba ta matsawa inda ba za ta ji kiran sallar Harami ba. Shi ya sa muka zauna a Misfala, a gidan nan na kan tudu mai matakala marasa kan gado, inda mai ruwa ke isowa yana haki yana tsine wa wanda ya gina shi. Da yake babanku ɗan fari ne, Goggo ba ta kama sunansa. Mai Teku take ce masa, in ya ɓata mata rai kuma ta ce Kifin Jidda.

Shekarar da nake ba ku labari tana cikin shekarun tamanin na lissafin Hijira, lokacin da ake ta aikin faɗaɗa Harami, ƙarar injuna tun safe har magariba. Ina goyon Hamza, ina da ƙaramin cikin Safiya. A shekarar ce komai ya daidaita wa Inna. Kawu Barau shi ne mutumin Ƙofa a hararmu, wato unguwarmu: ya san masu jirage, shi ke tarbar baƙi, shi ke nema musu ɗaki da sana'a, ba wanda bai ci arzikinsa ba. Ya samar wa yayarsa wuri a jirgin wani mutumin Yaman da ya yarda da shi, aka ce za su taso cikin Sha'aban don ta yi azumi a Makka, ta zauna har hajji. Na share ɗan ɗakin da ke kusa da nawa, na shafe shi da farar ƙasa, na sa an ɗinka katifar auduga. Goggo tana kallona tana ce mini in bar bangon ya huta haka nan, uwata za ta zo ne, ba amarya ba.

Wata Alhamis da la'asar babanku ya shigo. Na san akwai magana tun daga yadda ya ajiye jakarsa, don bai ɗauki Hamza ya cilla sama ba kamar yadda ya saba. Na kawo masa shayi. Ya sha rabi, ya ce in zauna, ya ce a kira Goggo ma. Ya ce a hanyarsu ta dawowa iska ta taso ta kora su kudu, suka fake a bayan duwatsu har gari ya waye. Da safe ruwa ya kwanta, ya yi garau, suka bi ta bakin Ƙofa za su fita. Nan ya ga wani jirgin ƙarfe, irin na dakon kaya wanda ake ja da igiya, ya nutse ya gitta a tsakiyar tsagar. Ba wanda ya san daga ina ya tsinko. Samansa bai fi kamu guda a ƙarƙashin ruwa ba. Da rana mai ido zai gan shi ya kauce ta gefe, da ƙyar. Da duhu kuwa ba mai ganinsa.

"To ai sai a gaya wa Kawu," na ce, "ya aika wa mutumin Yaman ɗin."

"Za a gaya masa," in ji shi. "Amma ran Asabar zan je tashar jiragen ruwa in ba da rahoto."

Ban fahimta ba da farko. Goggo ce ta riga ni, ta ajiye carbinta.

"Kai Mai Teku, in ka gaya wa hukuma ai can za su je."

"Can za su je, Goggo."

"Su ga sawu a yashi."

"Za su gani."

Ya ce tun a bakin tasha da ya iso zai iya tsayar da mai gadi ya faɗa masa, amma ofishi ya tashi sai Asabar, iskar kuma ba ta barin kowa ya tsallako a kwanakin nan, don haka ya ga gara mu ji daga bakinsa kafin mu ji a bakin hara. Na dube shi, na dubi ƙofar ɗakin da na shafe. Na goya Hamza na tafi gidan Kawu.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a Kawu ya hawo matakalarmu da sandarsa. Na zuba shinkafa da miyar kuɓewa, ba wanda ya taɓa. Kawu mutum ne mai sanyin baki, bai fara da faɗa ba. Ya tambayi teku, ya tambayi tumaki, sannan ya gyara zama.

"Usmanu ɗana, na ji abin da ka gani. Allah ya saka. Yanzu ka bar mana sauran. Mu za mu sanar da masu jirage baki da baki, kamar yadda muka saba. Halas, magana ta ƙare a cikin gida."

"Masu jirage nawa ka sani, Kawu?"

"Na san namu."

"Tayyib. Na Musawwa fa? Da waɗanda ke zuwa sau ɗaya a shekara in hajji ya matso, su lodi mutane har saman rumfa? Wa zai je ya same su? Ni na ɗaura garwa da igiya a kan ƙarfen kafin in taho, amma garwa ce, Kawu. Iska ɗaya za ta tafi da ita. Ko tana nan ma, wa ke ganin garwa da duhu?"

"Wa ya san ka gani?"

"Matuƙana sun gani. Ni ma na gani."

Ya ce nizam, wato doka, ta ɗora wa duk rayyis da ya ga abin da zai halaka jirgi, tarkace ne, ko dutsen da ba a san da shi ba, ko fitilar hanya da ta mutu, ya sanar da tasha da zarar ya iso, su kuma su shelanta wa jirage ta rediyo, su kafa alama. Ya ce ran da aka ba shi ruhusa an karanta masa wannan, ya ce ya ji ya ɗauka. Nan Kawu ya fara zafi. Ya ce wace doka, dokar da ba ta san da zaman mutanenmu ba? Ya ce akwai mata da tsofaffi a Sawakin da suka yi shekaru suna kallon ruwan nan, sun sayar da gona, sun binne 'ya'ya a hanya, ba su da wata mashiga sai wannan. Ya ce kai da aka haifa da takarda ba ka san abin da ake nufi da Ƙofa ba. Wannan maganar ta shiga babanku, na gani a wuyansa. Amma murya ƙasa-ƙasa ya amsa.

"Kawu, ba tsoron hukuma ba ne. Duk hanyar da nake bi a tekun nan, wani ne ya ga dutse ya dawo ya faɗa. Ban san sunansa ba, bai san nawa ba. Da kowa ya gani ya gaya wa nasa kaɗai, da ni ma tuni kifi ya cinye ni."

Ni a lokacin ba wannan ce a gabana ba. Na fito daga bayan labule, abin da ban taɓa yi ba in maza suna magana.

"Abu Hamza, ka bari Inna ta tsallako tukuna. Wata guda. Daga nan ka je ka faɗa wa duk wanda kake so."

"A wata gudan nan jirage nawa za su shigo, Ladidi?"

"Ni uwata nake ce maka."

"Na ji. Zan aika wa mai jirginta da kaina. Wanda ke bayansa fa, uwar wa ke ciki?"

"To ka ɗauko ta a naka."

"Nawa ana bincike shi har ƙarƙashin tumaki. A kama ta a mayar, a ɗaure matuƙana. Kin san da haka."

Na sani, shi ya sa na fashe da kuka. Kawu ya miƙe ya ce in ka je tasha, to ka san ƙafata ta bar gidan nan. Babanku ya raka shi har ƙasan matakala, yana riƙe masa hannu a inda dutsen ya karye, Kawu yana fizgewa. Da ya dawo sai Goggo ta jawo kwanon shinkafar gabanta.

"Ni dai na haifi ɗa, teku ta raine shi, ban san me ta koya masa ba. Ke Ladidi yi kukanki, da gaskiyarki. Shi ma Kifin Jidda da tasa. Ni kuwa yunwa nake ji."

Ran Asabar bayan sallar asuba ya shiga motar Jidda. Bai tashe ni ba, ni ma ban nuna idona biyu ba. Ya ba da rahoto, suka ce ya kai su wurin, ya kai su. Suka tambaye shi me ya kai shi can, ya ce iska, gaskiya kuma ya faɗa. Ba su tambaye shi sunan kowa ba, bai kuma ambaci kowa ba, wannan ku riƙe shi da kyau, don shi ne abin da masu surutu suka fi karkatarwa. Ba mutum ɗaya da aka kama ta dalilinsa. Aka shelanta wa jirage, aka kafa alama mai fitila. Masu gadin bakin teku kuma ba makafi ba ne. Suka ga sawu, suka ga tokar murhu da tsofaffin salkuna a yashi, kafin azumi ya kama sun kafa rumfarsu a wurin. Mutumin Yaman ya aiko wa Kawu cewa ya fasa. An ce akwai wasu mashigai can ƙasa sosai, masu tafiyar kwanaki a cikin sahara bayan an sauka. Samari sun gwada. Ba hanyar tsohuwa mai ciwon ƙafa ba ce.

Daga nan hara ta juya mana baya. Ina dama fura a lokacin, yara suna zuwa saye har gida, sai ƙwarya ta riƙa kwana. Matan da muke zuwa Harami tare suka riƙa wucewa ta ƙasan tudu ba sa ɗago kai. In babanku ya shiga gahawa, inda maza ke zaman shayi, sai hira ta mutu, ya sha nasa ya fito. Ran sunan Safiya na dafa abincin mutum da yawa, almuru ta yi tukunya tana nan, sai maƙwabtanmu 'yan Jawa muka rarraba wa. Kawu Barau ya cika maganarsa, bai sake hawa matakalarmu ba har ya bar duniya, ko da yake in na je gaishe shi yakan karɓe ku ya sa a cinya. Ban zarge su ba a lokacin, yanzu ma ban zarge su duka ba. Kusan kowane gida akwai wanda yake jira a ƙetare. Wata ta rasa ganin mijinta, wani ya rasa 'ya'yansa. Ba ƙarya suka yi ba da suka ce ya rufe Ƙofa.

A cikin gida kuwa, ni ce hara. Zan faɗa muku ƙarara: na ji haushin babanku irin wanda ban taɓa jin na wani mahaluki ba. Ina dafa masa abinci, ina wanke masa tufafi, ina amsa sallamarsa, iyakarta ke nan. In akwai magana sai in ce wa Goggo ta gaya wa ɗanta, yana zaune a wurin. Goggo ta ce ita ta tsufa da aikin masinja, amma tana kaiwa, har da ƙarin gishirinta. Ɗakin da na shafe na rufe shi, katifar tana ciki. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai taɓa ba ni haƙuri irin na wanda ya yi laifi ba. Yakan ce Allah ya ba ki haƙuri, Ladidi. Bai taɓa cewa da na sani ba.

Bayan ƙaramar salla ya koma Bur Sudan, ya shiga mota ya tafi Sawakin. Ba wanda ya aike shi. Labari ya riga shi isa, mutanenmu na can sun san wane ne ya kai rahoto, ya ratsa ta cikinsu haka nan har inda Inna ke tuya. Goggo ya ba labarin da ya dawo, ina daga ɗaki ina ji, shi ma ya san ina ji. Ya ce ya durƙusa ya gai da Inna, ya faɗa mata komai da bakinsa. Ba ta ɗago ba sai da ta kwashe ƙosan da ke cikin mai. Ta zuba masa a takarda, ta barbaɗa yaji, ta miƙa masa.

"Ƙarfen nan, da idonka ka gan shi?"

"Da idona, Inna."

"To."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Washegari da zai taho ta ba shi wani ƙulli, ta ce ya kawo mini. Goggo ta shigo da shi ɗakina ta ajiye a kan gado. Na kwance, sai ga farin alawayyo, sabo, an naɗe shi da kyau, ya yi ƙanshin hayaƙin tuya. Kun san al'adar, ko da yake yanzu ta ja baya. Mahajjaci yakan zo da likkafaninsa, ya jiƙa shi da ruwan zamzam, ya shanya, ya koma da shi gida ya ajiye har ranar da za a buƙata. Inna ta saye shi tun shekarar da muka rabu, tana jira ta kawo shi da hannunta. Goggo ta faɗa mini saƙon yadda aka ba ta, wannan karon ba ƙari.

"Ta ce, tunda ita an hana ta, shi ƙyalle ba a tambayarsa jawaz. Ki kai shi, ki wanke da hannunki, ki ba mijinki ya mayar mata."

Da hantsi muka tafi Harami, ni da Goggo, Hamza a bayana. Na sa aka cika mini garwa da zamzam. Na warware ƙyallen na tsoma shi, na danna har ya sha, na ɗago, na sake tsomawa. Goggo ta kama gefe ɗaya na kama ɗaya, muka shimfiɗa shi a rana a kan tsakuwa, kusa da na wasu mutanen Indiya da na wani tsoho Bature ɗan Turkiyya. Muka zauna muna gadinsa kada tattabaru su sauka. Da ya bushe na naɗe shi, na rungume shi a ƙirji, na yi ɗawafi da shi. Ba malamin da ya ce in yi haka, ban kuma tambayi kowa ba. Ina zagayawa ina ce mata a zuci, Inna ga Hajarul Aswad, Inna ga Maƙamu Ibrahim, yadda zan nuna mata da ta zo. Da muka dawo gida na ajiye ƙullin a kan jakar babanku.

Ya yi ƙoƙarin takarda, kada ku ce bai yi ba. Duk zuwa sai ya shiga ofisoshi a Bur Sudan. A ce sai ta je Hartum, a can a ce sai ta kawo shaidar garin da aka haife ta, garin da ta bari tun kafin a san wani abu wai shi fasfo. Ana cikin wannan kai-komo, kafin wani hajjin ya zagayo, ciwon ƙafar ya hau sama. Maƙwabtanta suka yi mata sutura da ƙyallen, suka binne ta kusa da ƙanena. Ban ga Inna ba, ba ta ga Ka'aba ba. Wannan shi ne abin da shawarar babanku ta ci, kuma ni na biya, ba matar da ke nuna ku da baki a gidan biki ba.

Kuna iya tambayata ko da jirginta zai bugi ƙarfen. Ban sani ba. Wataƙila mutumin Yaman ya kauce, ta iso, ta kwanta a katifar nan, ta yi muku wasan jika. Wataƙila na bayansa ne zai hau, da mutanen da ban san sunansu ba. Ba wanda ya taɓa zuwa ya yi wa babanku godiya, don wanda bai nutse ba bai san an tsame shi ba. Na yi shekaru ina juya abin, har yau in na tuna Inna sai na ji ɗacin. Amma na zauna da mutumin nan har na rufe masa ido, ban taɓa ganin ya ga rami a hanya ya gaya wa nasa kaɗai ba. In aka sake ce muku 'ya'yan wanda ya rufe Ƙofa, ku ce e, shi ne, ku bar kanku a ɗage.

Saura abu ɗaya, wanda ko Goggo ba ta ji ba. Ran da ya dawo daga mayar da ƙyallen, Inna tana da rai a lokacin, ya shigo da la'asar kamar kullum, ya ajiye jaka. Goggo ta tafi barka. Na kawo shayi na ajiye, na juya zan fita, sai ƙafata ta ƙi. Watanni ke nan ban yi masa magana da bakina ba.

"Me ta ce?"

Ya ɗago ya dube ni, bai nuna mamaki ba, ya ajiye kofin.

"Ta kwance shi, ta sa fuskarta a ciki, ta daɗe. Ta ce wa ya wanke? Na ce Ladidi, da hannunta. Ta ce ya shiga Harami? Na ce ya shiga, har ɗawafi an yi da shi."

"Sai ta ce me?"

"Sai ta ce, to alhamdu lillahi, ashe na iso. Ta ce in gaya miki ki buɗe ɗakin nan ki sa wani a ciki, kada katifa ta lalace."

Na zauna a bakin tabarmar, na ɗauki butar na ƙara masa shayi. Washegari na buɗe ɗakin.